Ginshiƙan Zane da Ƙa'idojin Tsara Shi a Fasahar Hausawa

An daɗe ana koyar da darasin zane a makarantunmu da kalmomin Turanci da misalan Turai, har ɗalibi ya kan fita da zaton cewa ƙa'idojin kyan zane baƙi ne a ƙasar Hausa. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa abubuwan da masana ke kira ginshiƙan zane, watau ɗigo da layi da siffa da launi da fili, tare da ƙa'idojin da ake bi a tsara su, suna nan a aikin magini da maɗinki da mai zayyana, har ma da matar da ke yi wa amarya jere. Abin da ba mu yi ba shi ne tattara su a ba su sunaye tsayayyu.

Bari mu fara da ɗakin amarya. A wani biki da na halarta a Dudunni, a yankin Kankiya da Kusada, 'yan mata sun gama jere suna ta murna, sai wata dattijuwa ta leƙo ta ce a sauke, wai ya karkace. Da ta sa hannu, ba ta ƙara ko kwano ɗaya ba. Manyan fantekoki ta mayar ƙasa, ƙanana suka hau bisansu, kowane sahu yana tsukewa yayin da yake yin sama. Ta raba masu jan fure gida biyu, dama da hagu, ta bar ɗan sarari tsakanin sahu da sahu. Sa'an nan ta ja da baya ta ce, yanzu ya zauna. Wannan kalma ta “zama” ita ce abin da littattafan zane ke ɓata shafuka suna bayani, watau daidaito: kada wani ɓangare ya rinjayi wani a ido.

To amma kafin tsari, sai an sami abin tsarawa. Mafarin kowane zane ɗigo ne. In aka ja ɗigo ya zama layi. In layi ya zagayo ya haɗu da mafarinsa ya zama siffa. Dagi, wanda ya zama tambarin Arewa, ya isa misali. Layi ne da ke ratsa kansa, yana hawa yana nutsewa, ba a ganin farkonsa balle ƙarshensa, kuma daga wannan saƙa ne siffofin da ke cikinsa suke fitowa. Miƙaƙƙen layi yana kawo natsuwa, lanƙwasasshe yana kawo motsi, mai tsini kuwa yana tsokanar ido. Shi ya sa zankwayen da ake kafawa a kusurwoyin soro suke sa ginin ƙasa, duk da nauyinsa, ya zama kamar yana miƙewa sama.

Batun launi yana da ban sha'awa ga mai nazarin harshe. Launuka uku ne suka fi kafuwa a Hausa, fari da baƙi da ja, kuma su ne suka fi yawan kalmomin ƙarfafawa: fari fat, baƙi ƙirin, ja wur. Akwai shuɗi da kore, amma da yawa daga sauran sai an jingina su da wani abu, a ce ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙasa. Marubutan Alƙur'ani na ƙasar Hausa da Barno sun ba launi aiki, ba ado kawai ba: baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, hamza da rawaya. Da waɗannan launuka ne kuma aka saba yin zayyanar allon mai sauka, inda ake yanka fuskar allo gida-gida, a cika wani gida a bar wani. Gidan da aka bari, shi ne fili, kuma shi ma ginshiƙi ne. Zanen da ba a bar masa wurin numfashi ba, Bahaushe ya kan ce ya yi cunkoso.

Inda ƙa'idojin tsari suka fi fitowa sarai, a ganina, shi ne babbar riga. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ya kuma shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976, ya yi dogon nazari a kan ɗinkinta. A dubi aikin da ake kira aska takwas. Mafi yawan aikin a gefen hagu yake, a kan aljihu, inda askakin nan masu tsini suke zubowa ƙasa, sa'an nan aikin ya haura kafaɗa ya gangara baya. Da a ce haka aka bar shi, da rigar ta rinjaya gefe ɗaya. Sai maɗinki ya sa tambari a dama, watau da'irar nan mai kewaye, ya bar mata fili mai yawa. Abu ɗaya mai zagaye, shi kaɗai a sarari, ya tare nauyin abubuwa da yawa masu tsini da suka taru a wuri guda. Ke nan daidaito iri biyu ne. Akwai na jeren amarya, inda dama take madubin hagu. Akwai kuma na riga, inda ɓangarorin ba su yi kama ba amma nauyinsu a ido ya zo ɗaya. Na biyun ya fi wuya ƙwarai, kuma shi ne ake ɗora wa ɗalibin zane bayan ya yi nisa, alhali maɗinkan Zariya da Kano da Bida sun daɗe da gama da shi.

Har ila yau rigar tana koya mana fifiko, watau a sami wuri guda da ido zai fara sauka. Yawan aikin yana kewaye da wuya da ƙirji, saboda haka yana jan mai kallo zuwa fuskar mai rigar. Tana kuma koya mana maimaici. Askakin siffa ɗaya ce ake nanatawa, amma tsawonsu ba ɗaya ba ne, kamar yadda amshin waƙa ke dawowa alhali ɗiyan suna sauyawa. Ina ganin babu laifi mu ari kalmar “kari” daga nazarin waƙa mu ce karin zane, domin abin da kari ke yi wa kunne shi maimaici ke yi wa ido. Maimaici ba sauyi ya kan gundura, sauyi ba maimaici kuwa hayaniya ne.

A gini ana samun wani ginshiƙi da allo ba shi da shi, watau haske da inuwa. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834–1846), ba da launi ya yi fice ba. Bakan gizo ne ke tashi daga ginshiƙai su haɗu a sama su ɗauki tulluwa, adon da ke jikin ginshiƙan kuma tudu da kwari ne da aka fitar da laka. Haske in ya faɗo ta gefe, tudun ya yi fari, kwarin ya yi duhu, zanen ya bayyana. A nan layin da ke ɗauke da rufi shi ne kuma layin da ke ƙawata ɗakin, ba a raba amfani da ado ba. Gwargwado ma a nan ake ganinsa: kaurin ginshiƙi da faɗin baka da tsawon rufi kowanne ya san matsayinsa.

Adon fuskar gida, wanda A. H. M. Kirk-Greene ya rubuta ɗan littafi a kansa a 1963 game da Zariya, ya bi wata hanya dabam. Magini ya kan tara aikinsa a kewayen ƙofar zaure, ya bar sauran bango fayau, don baƙo ya san mashiga tun daga nesa. Da siminti da fentin kanti suka shigo a ƙarni na ashirin, sai launi ya karɓi aikin da inuwa ke yi, aka kuma soma ganin keke da mota da agogo a cikin zanen bango tare da dagi da takobi. Wasu na kukan cewa wannan lalacewa ce. Ni ban ɗauka haka ba, domin keken da aka sa a inda ya dace bai karya ƙa'ida ba. Abin da ke karya ta shi ne a cika bango daga ƙasa har sama da launi bakwai, ido ya rasa masauki.

Saura ginshiƙi ɗaya da har yanzu ba mu daidaita a kan sunansa ba, watau yadda fuskar abu take ga hannu ko ga ido. Muna da laushi da kaushi da santsi da sheƙi, amma ba mu da kalma ɗaya da ta tattara su. Alhali masu sana'a sun san shi sarai. Mabugi yana dukan baƙin rawani da shuni har ya yi ƙyalli, magini yana shafe bango da makuba ya bar sawun yatsu a jiki, mai sassaƙar ƙwarya yana kankare wani wuri ya bar wani da santsinsa. Na taɓa gwada “lafazin fuska” a aji, ɗalibai suka yi dariya, kuma da gaskiyarsu. Daga baya na koma ga “jiki”, tunda mai sayen yadi a kasuwar Kantin Kwari ya kan murza shi da yatsu ya ce yana da jiki, kuma ita nake amfani da ita a aji har yanzu.