Turu Ba Magani Ba Ne

A ƙauyukanmu, daga Ɗandamisa ta ƙasar Maƙarfi har Kudan da Ikara, da wuya a rasa wanda ya san saurayi irin wannan: yaro mai kunya, mai ƙwazo a gonar rake, wanda sannu a hankali ya janye jiki daga tsaransa. Sai a ji shi yana amsa wa muryoyin da babu mai jinsu sai shi. Ya ƙi tuwon mahaifiyarsa, wai an zuba masa guba. Nan take gari ya yanke hukunci: ko iska ce, ko sammu.

Likitoci suna kiran wannan larura sikizofireniya, kuma ciwo ne na ƙwaƙwalwa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi sun kai miliyan 24, wato mutum ɗaya cikin 300. Yakan bayyana ne daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekaru ashirin da 'yan kai. Gado yana da hannu, wiwi yana ƙara haɗarinsa, amma yana kama wanda ko sigari bai taɓa sha ba.

Abin da muka kasa ganewa shi ne, muryoyin nan a kunnensa na gaske ne. Idan aka ɗaure shi a turu, aka sa masa bulala, an tabbatar masa da zargin da ciwon ya dasa a zuciyarsa, cewa danginsa ne abokan gabansa. Kuma yawan jinkiri kafin fara magani yana rage sauƙin da za a samu.

Tun 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya nuna wata hanya a Aro ta Abekuta: ya zaunar da majinyata a gidajen ƙauye tare da danginsu, suna zuwa asibiti karɓar magani. Mu kuwa sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958.

Magani yana nan, a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna da asibitin koyarwa na Shika, ƙwaya ko allurar wata-wata. Ba ya hana addu'a. Yakan kawo kasala da rawar hannu, shi ya sa wasu ke barinsa da zarar sun ji dama, ciwon ya dawo sabo. Ga kuma kuɗin mota kowane wata, wanda kan gagari manomi. Me zai hana gwamnatin jiha ta horar da ma'aikatan asibitin mazaɓa, allurar nan ta iso Ɗandamisa?