Injiniyoyin da Ke Shata wa Haske Hanya a Cikin Cif

(Kiɗan buɗe shiri)

Shirinmu na musamman na yau zai leƙa wata sana'a da ba kasafai ake jin sunanta ba, alhali aikinta na cikin aljihun kusan kowa. Ita ce sana'ar injiniyoyin da ke tsara 'yan mitsi-mitsin tabarau da madubai masu sarrafa haske a masana'antar semikondakta, inda ake ƙera cif ɗin waya da na kwamfuta.

Mai sauraro, ɗauki wayarka ka juya bayanta. Can ƙarƙashin gilashin kyamara akwai wani ɗan faranti na silikon da bai wuce girman farce ba, an raba shi gida-gida har miliyoyi. A kan gidajen nan an jera ƙwayoyin tabarau masu tattaro haske su zuba shi ciki. Faɗin gida ɗaya kimanin maikiromita 1 ne, silin gashi ya ninka shi sau 50 ko fiye. Da lanƙwasar ƙwayar za ta kauce kaɗan, sai hasken ya malala gidan maƙwabci, hoto ya dushe, launuka su cakuɗe.

Abu mai wannan ƙanƙanta ba ya gyaruwa da hannu, kuma fitar da samfuri daga masana'anta kan ci watanni da maƙudan kuɗi. Shi ya sa injiniyan ke yi irin na telan da aka ba shadda mai tsada: sai ya gama awo tsaf kafin ya sa almakashi. Awonsa a kwamfuta yake. Zai zana ƙwayar, ya shigar da kaurinta da irin sinadarinta, sannan ya sako mata haske na kwaikwayo. Kwamfutar za ta daddatsa wurin zuwa ƙananan akwatuna, ta bi hasken taki-taki tana lissafa inda ya karkata da inda ya ɓace. Dokokin lissafin na James Clerk Maxwell ne, tun 1865, dabarar daddatsawar kuwa Kane Yee ne ya fito da ita a 1966.

Amma ba a nan ake gane gwani ba. Gwani shi ne mai sake tambaya: in masana'anta ta yi kuskuren nanomita 10 fa? In cif ya ɗau zafi fa? Zai yi ta maimaita gwajin har ya samu zanen da zai jure irin wannan tangarɗa. Zanen da ba ya aiki sai komai ya zo daidai, ba ya kaiwa kasuwa.

(Ɗan kiɗa)

To, ina ake neman waɗannan mutane? A garin Veldhoven na ƙasar Holan, kamfanin ASML na haɗa injinan da ke buga zanen cif da wani haske mai tsawon zango nanomita 13.5. Ana samar da shi ne ta hanyar harbin ɗigon narkakkiyar kuza da leza, sau 50,000 a daƙiƙa guda. Iska na shanye wannan haske, gilashi ma na shanye shi, don haka da madubai ake juya shi a wurin da aka zuƙe iska. Kamfanin Zeiss na Jamus ke yin madubin, da shimfiɗu bisa shimfiɗu na silikon da molibdenom, kuma sai an lissafa kaurin kowace shimfiɗa kafin a zuba ta.

Haka kuma a manyan rumbunan bayanai na intanet, saƙo da haske yake tafiya. Cibiyar bincike ta imec da ke Leuven a Beljiyam na cikin masu sassaƙa hanyoyin haske a jikin silikon, masu faɗin kusan rabin maikiromita.

Ƙofar shiga wannan aiki ita ce fiziks ko injiniyancin lantarki, kwasa-kwasan da ake koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano. Sai lissafi mai ƙarfi, da iya rubuta manhaja da Python. Galibi akan ɗora da digiri na biyu ko na uku a fannin haske. Manhajojin da kamfanoni ke aiki da su, irin su Lumerical da Zemax, suna da tsada, amma Meep, wadda aka ƙirƙira a jami'ar MIT ta Amurka, kyauta ce, haka ma KLayout ta zanen cif.

Saboda haka, ɗalibai maza da mata, kada rashin masana'antar cif a kusa ya sare muku gwiwa. Kaso mai tsoka na aikin nan a gaban kwamfuta ake yin sa, kuma ana iya fara koyonsa daga ɗakin karatu. Iyaye da malamai, in kun ga yaro ko yarinya na son lissafi, ku riƙe musu hannu, kada ku bari su saki.

A nan za mu dasa aya. Mu kasance lafiya.