Sabon Gilashi, Tsohuwar Kyamara: Tarkon da Ke Jiran Masu Hoto a Tasawa da Mayahi

A Tasawa da Mayahi, cikin jihar Maradi, mai ɗaukar hoton biki da suna yakan fara sana'a ne da gilashin da ya zo tare da kyamara, wato mai zuƙowa 18-55mm. Arha gare shi. Amma idan ƙurar hunturu ta shige shi ya fara gardama, sai a kira ɗan'uwa da ke Kano ko Faransa a ce ya aiko da sabon samfuri.

Nan ne kuɗi kan salwanta. A 2016 Nikon ya fito da samfurin AF-P, mai saurin saita hoto ba ƙara. Sai dai tsofaffin kyamarori irin su D3100 da D3200 da D90 ba sa iya saita shi, ko da hannu aka murɗa. Hoton amarya zai fito dishi-dishi, ga biki ba a maimaita shi.

Masu Canon sun fi sa'a. Samfurin STM na 2013 yana hawa kan tsofaffin kyamarorin EF-S, kuma shirunsa na taimakon mai bidiyo, ko da yake bai ƙara haske a ɗakin amarya da dare ba.

Kafin mai aikowa ya biya, ya tambayi lambar da ke jikin kyamarar.