Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Pozuzo, Garin Jikokin Turawa a Kurmin Peru

A tsakiyar ƙasar Peru, inda tsaunukan Andis suke gangarawa su shige kurmin Amazon, akwai wani ɗan gari mai suna Pozuzo. Baƙo na isa sai ya yi sororo. Ga ayaba da rogo da gahawa ko'ina, ga zafi da ruwan sama, amma gidajen na katako ne masu rufi mai tsini da baranda irin na ƙauyukan Ostiriya, a kan allunan shaguna kuma zai ga sunaye irin su Egg da Gstir da Schuler. Mutanen 'yan Peru ne gaba da baya, Sifaniyanci suke yi, sai dai kakanninsu daga Turai suka taso.

Talauci ne ya taso su. A tsakiyar ƙarni na 19 ƙauyukan Tirol na Ostiriya suna cikin ƙunci, gonaki sun yi wa jama'a kaɗan, har hukuma takan hana talaka aure idan ba shi da abin riƙe iyali. Ita kuwa gwamnatin Peru ta shugaba Ramon Castilla tana neman Turawa manoma da za su zauna a kurmi, don ta haɗa gaɓar teku da kogunan da ke kwarara cikin Amazon. Wani Bajamushe, Damian von Schütz-Holzhausen, ya shiga tsakani aka ƙulla yarjejeniya: Peru za ta ba da gonaki, ta biya kuɗin jirgi, ta kuma yi hanya zuwa wurin. A watan Maris na 1857 mutum kusan 300, yawancinsu 'yan Tirol, sauran daga yankin kogin Rhine na Jamus, suka tashi daga Antwerp a wani jirgin ruwa mai suna Norton. Jagoransu limamin Katolika ne, Josef Egg, wanda tun a cikin jirgin ya ɗaura wa da dama daga cikinsu auren da aka hana su a gida.

Da suka sauka bayan wata huɗu a teku, sai suka tarar alkawarin hanya ya bi ruwa. Da ƙafa da alfadarai suka haura tsaunuka masu tsananin sanyi ta Cerro de Pasco, sannan suka yada zango wata da watanni suna saran daji da hannunsu. Cuta ta ci wasu, zaftarewar ƙasa ta binne wasu, da dama suka gaji suka watse neman aiki a garuruwa. Sai a Yulin 1859 kimanin mutum 170 suka isa kwarin. 'Yan Tirol suka kama gefe ɗaya, Jamusawa suka kama ɗaya gefen, shi ya sa har yau akwai unguwar da ake kira Prusia. Wani ayarin ya biyo baya a 1868, daga bisani kuma wasu iyalai suka fita suka kafa garin Oxapampa a 1891. Yankin duka yana cikin ƙasar gado ta ƙabilar Yanesha, batun da masu tallar yawon buɗe ido ba su cika son tsayawa a kansa ba.

Hanyar da aka yi musu alkawari ba ta iso ba sai a tsakiyar shekarun 1970. Sama da shekara ɗari ke nan suna kulle a kurmi, fita sai da tafiyar kwanaki a ƙafa, suna ɗinka tufafinsu da takalmansu, suna aure a junansu. Wannan kullen shi ya adana musu harshen Tirol da raye-raye da salon gini. Hanya na buɗewa kuwa, baƙi suka shigo, matasa suka fita, Sifaniyanci ya cinye gida da kasuwa. Yau tsirarun tsofaffi ne ke jin harshen kakanninsu, Jamusancin da yara ke ji kuma na makaranta ne. Don haka wanda ya je da tsammanin ganin Turai zai sha mamaki. Garin makiyaya ne na Peru, arzikinsa shanu da cuku da gahawa, kuma rigunan gargajiyar da ake gani a hotuna sai ranar biki ake fito da su.

Abin kallo bai da yawa, yini biyu ya wadatar: majami'ar San José, gidan tarihi na Schafferer da ke ajiye da kayan aikin mutanen farko, da gadar lilo mai sunan sarkin Jamus Wilhelm na Ɗaya. Abinci ne ya fi nuna yadda aka gauraya. Akwai wata wainar fulawa da ake naɗe tuffa a cikinta a Ostiriya, a nan sai aka maye gurbin tuffar da ayaba. Musulmi ya tambaya kafin ya kai loma, domin naman alade yana yawa a girkinsu, giya kuma ita ce ruwan biki.

Tafiyar ita ce aiki. Daga Lima zuwa Oxapampa bas yakan kwana a hanya, awa goma ko fiye, yana ƙetare Ticlio mai tsayin sama da mita 4,800, inda ƙarancin iska ke sa ciwon kai da jiri. Ku riƙe rigar sanyi a hannu ko da kurmi kuka nufa. Daga Oxapampa saura kimanin kilomita 80, kusan awa uku a ƙaramar mota, ta cikin gandun dajin Yanachaga-Chemillén, dutse a hannu ɗaya, kwazazzabon kogin Huancabamba a ɗaya. Ku yi rigakafin shawara, ku tanadi maganin sauro da tsabar kuɗi.

Bikin kafa garin ranar 25 ga Yuli ake yi, cikin rani, kuma masauki kan cika, sai a kama ɗaki tun da wuri. Daga Disamba zuwa Maris kuwa damina ce, ƙasa na zaftarewa ta toshe hanya. Idan ba dole ba, kada ku sa tafiyarku a waɗannan watanni.