Sankarar Bakin Mahaifa da Matan Kilomita Biyar

Wanda ya san Bangui ya san Kilomita Biyar ce cibiyar cinikinta. Hausawa da Fulani da Barebari sun daɗe a unguwar, kuma ko bayan rikicin 2013 da 2014, lokacin da aka yi wa Musulmin da suka rage ƙawanya, kasuwar ta farfaɗo. Mata na cikin waɗanda suka tashe ta: masu gyaɗa, masu garin rogo, masu atamfa. Irin waɗannan mata ne sankarar bakin mahaifa take ɗauka, suna tsakiyar ƙarfinsu, yara na rataye a wuyansu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata kimanin 660,000 suka kamu da wannan ciwon daji, kusan 350,000 suka rasu, kuma kashi 94 cikin ɗari na mamatan a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi suke. A ƙasashen Afirka da dama ba a da cikakkiyar rajistar masu cutar, sai a yi ƙiyasi da alƙaluman maƙwabta. Matar da ta rasu a ɗakinta, aka ce ciwon mara ne ko jifa, babu littafin da sunanta ya shiga.

Ƙwayar cutar HPV ce ke jawo ta, kuma ta hanyar saduwa ake ɗauka. A nan ne kunya ke shigowa ta ɓata lamarin. Ƙwayar ta yaɗu ƙwarai, har yawancin manya sukan ɗauke ta a wani lokaci ba su sani ba, jiki kuma ya kawar da ita da kansa. Matar da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya kamuwa. Don haka mai yi wa mara lafiya kallon zargi ya zalunce ta, ya kuma tsoratar da 'yan'uwanta daga zuwa gwaji.

Idan ƙwayar ta zauna, takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama daji. Ga mai ƙanjamau da ba ta shan magani, shekara 5 zuwa 10 sun isa, kuma haɗarinta ya ninka na sauran mata sau shida. Wannan babbar magana ce a ƙasar da ƙanjamau ya yi wa illa. Duk tsawon shekarun nan mace ba ta jin komai. Ranar da jini ya fara zuba bayan saduwa ko bayan daina al'ada, ko ruwa mai wari ya ƙi tsayawa, sai a ce sanyi ne, a bi masu tallar magani wata da watanni.

Gwajin kuwa ba shi da wuya. Ungozomar da ta samu horo takan shafa ruwan khal a bakin mahaifa, wurin da ya fara lalacewa ya yi fari cikin minti ɗaya, a ƙona shi da 'yar na'ura a ranar. Idan aka makara, sai tiyata da gashi da haske, kuma babu na'urar gashin a ƙasar da Bangui take. Sai dai a kama hanyar Garoua-Boulaï zuwa Kamaru, hanyar da kayan kasuwar ke biyowa daga Douala, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Mai sayar da gyaɗa da gwangwani ina za ta samo wannan kuɗi?

A Nuwamba 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin 2030: a yi wa kashi 90 na 'yan mata rigakafin HPV kafin su kai 15, a gwada kashi 70 na mata, a yi wa kashi 90 na masu cutar magani. Najeriya, alal misali, ta fara rigakafin a Oktoba 2023 ga 'yan shekara 9 zuwa 14, Kano na cikin jihohin farko.

Limaman Babban Masallacin Kilomita Biyar da shugabannin kasuwa da uwayen adashi, ku ne ake jin maganarku. Ku faɗe ta da Hausa da Fulatanci da Sango. Maigida, idan matarka ta kai 30, ko 25 in tana da ƙanjamau, ka ba ta izini da kuɗin mota ta je asibiti ta nemi a duba ta, ko da lafiyarta ƙalau.