Fastocin mawaƙa: Faransa ta adana nata, na Jimeta damina ke wankewa

A 1891 gidan rawa na Moulin Rouge da ke Faris ya ba mai zane Henri de Toulouse-Lautrec aikin fastar tallan wata 'yar rawa, La Goulue. Da alli mai maiƙo ake zana irin wannan hoto a kan shafaffen dutse, a jiƙa dutsen, tawada ta kama maiƙon kaɗai, sannan a danna takarda. Layukansa 'yan kaɗan ne, sai ka ce zanen gaggawa: ƙafa a sama, 'yan kallo baƙaƙen inuwoyi a bayanta.

Takardun talla ne kawai, amma an adana su, kuma a 1922 aka buɗe masa gidan tarihi a mahaifarsa, Albi.

A Jimeta ma maɗaba'u na buga fastocin mawaƙa da makaɗan biki, a liƙa a bango. Damina ta wanke, ko hoton ɗan takara ya rufe, sunan mawaƙin ya bi ruwa. Tattara su bai fi ƙarfin gidan tarihi na ƙasa da ke Yola ba: akwati ake buƙata, da ma'aikacin da zai rubuta suna da kwanan wata.