Yunwa, Kwaɗayi Da Santi: Wa Ke Auna Mana Malmala?

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano, ya karya a Kwanar Ɗangora ta ƙasar Kiru, ya nufi Tudun Wada da Doguwa a lokacin kaka, ya san ya shiga ɗaya daga cikin manyan rumbunan abincin jihar Kano. Ga shinkafa a Tudun Wada, ga masara a Doguwa, ga ruwan Tiga a ƙasar Bebeji, madatsar da aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, tana shayar da noman rani. A kan noma da farashin buhu mun sha yin magana. Tambayar da ba mu cika yi ba ita ce: idan an ajiye akushi, wa ke yanke hukuncin yawan abin da za mu ci? A gidaje da dama, girman malmala ne, ko kunyar mai masauki, ko idon da ya ga nama. Ciki, wanda shi ne mai ɗaukar kayan, shi ake tuntuɓa a ƙarshe.

Alhali Bahaushe ya daɗe da rarrabe al'amarin. Yunwa a hankali take zuwa, kuma ba ta da zaɓe, ko ɗumamen jiya aka ba ta za ta karɓa. Kwaɗayi farat ɗaya yake tasowa, da sunan abin da yake so a bakinsa, kamar yadda ƙanshin tsire kan kama mutum a tasha bayan ya tashi daga kan tuwo. Santi kuwa shi ne daɗin abinci ya ɗauke hankali, har baki ya saki zance, hannu ya manta da tsayawa. Harshen da ya ware wa kowannensu suna ya san ba kowane kiran ciki ne yunwa ba.

Ilimin zamani ya zo ya tarar da wannan. A 1994 masu bincike a Amurka suka gano sinadarin leftin, wanda kitsen jiki ke aika wa ƙwaƙwalwa don shaida mata yawan ajiyar da ke akwai. A 1999 wasu a Japan suka gano girelin, wanda tumbi ke fitarwa idan ya zama wayam, shi ne mai buga ƙararrawar yunwa. Sai dai saƙon ƙoshi ba ya isa nan take, yakan ɗauki mintuna masu dama, don haka mai cin sauri kan wuce iyaka kafin labari ya riske shi. A 1995 wasu masanan abinci biyu, Evelyn Tribole da Elyse Resch, suka fitar da littafi suna kira ga mutane su koma sauraren waɗannan alamu maimakon bin tsauraran dokokin rage ƙiba. Mu kuwa muna da ma'auni tun tuni a hadisin da Tirmizi ya ruwaito, wanda ya kasa ciki uku tsakanin abinci, abin sha da numfashi.

To me ya toshe mana kunne? Na farko tarihin rashi ne. A tsakiyar damina, lokacin da aikin gona ya fi tsanani, a lokacin ne rumbun talaka ke yin ƙasa. A 1944 Ancel Keys ya fara wani gwaji a Jami'ar Minnesota, inda aka takura wa maza 36 abinci na tsawon watanni. Da aka sakar musu mara, da yawansu suka riƙa ci ba tare da jin sun ƙoshi ba. Jikin da ya ɗanɗani rashi ba ya saurin yarda cewa gobe ma akwai. Haka yaron da ya tashi a bakin akushi ɗaya da 'yan uwa takwas yake koyon cewa mai jinkirin loma shi ke kwana da yunwa. Yau ya girma, yana zaune a rumfarsa ta shinkafa ko a ofis, babur ke kai shi masallaci, amma malmalar mai huɗa yake ci, da saurin yarinta. Nan ne ciwon suga da hawan jini ke samun ƙofa.

Na biyu shi ne abincin kamfani. A wani bincike da aka wallafa a 2019, Kevin Hall da abokan aikinsa a Amurka sun killace mutum 20, mako biyu a kan abincin da aka sarrafa ƙwarai a masana'anta, mako biyu a kan wanda ba a sarrafa ba, kowa ya ci iya son ransa. A kan na masana'anta sun riƙa ƙara kimanin kalori 500 a kullum. Mu gwada a gida: mai shan rake sai ya ɓare, ya tauna, ya tofar, muƙamuƙi ya gaji kafin zaƙi ya yi yawa. Lemon kwalba kuwa a minti ɗaya yake wucewa, ciki bai ma ƙirga shi a abinci ba.

Na uku tarbiyya ce. Jaririn da ya kau da kai daga ludayi ya ce ya ƙoshi ne, sai a danne shi a yi masa ɗure. Yaron da ya bar saura sai a nuna masa bulala. Baƙo kuma ba ya tsame hannu sai an ce ya raina girki. A jami'a ina ganin ƙarshen wannan hanya: ɗaliba tana wuni da yunwa don ta rame, ƙawarta tana haɗiyar ƙwayar "sha ka fashe" don ta yi jiki. Dukkansu madubi da waya suke saurare.

Amma maganar tana da iyaka. Magidancin da ba shi da mudun masara ba nasihar sauraren ciki yake buƙata ba, abinci yake buƙata, kuma wannan haƙƙi ne a kan hukuma da masu hali. Yaron da tamowa ta kama yakan daina sha'awar abinci, ƙin cinsa alamar haɗari ce, asibiti za a kai shi. Mai ciwon suga da ke kan magani shi ma ƙa'idar likita zai bi.

Ga sauranmu masu lafiya da abin sawa a baka, gyaran ba ya cin ko kwabo. Kafin ka wanke hannu, tambayi kanka: da ɗumame ne a gabana, zan ci? Zauna, ajiye waya, tauna sosai, ka dakata a tsakiya ka ji abin da ciki ke cewa. A zuba wa ƙananan yara nasu daban don kada su koyi tsere, a kuma bar su su tsaya inda suka ƙoshi. Mai masauki ya karɓi "Alhamdu lillahi" daga baƙo a karon farko. Azumin Ramadan kan nuna mana fuskar yunwa ta gaskiya duk shekara, kada mu zubar da darasin a faifan buɗa-baki. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ciki ya fi shi sani, in an ba shi dama ya yi magana. Allah Ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci.